Kukan Fanbel: Gargaɗin Da Direbobi Ke Toshe Wa Baki Da Sabulu

Daga Wakilinmu, Jalingo

Duk wanda ya taɓa yin sammako zuwa tashar mota a Jalingo, musamman a kwanakin hunturu, ya san wannan ƙara. Direba zai murɗa makulli, injin ya tashi, sai ka ji wata irin tsuwwa mai tsinin gaske ta fito daga ƙarƙashin bonet kamar an taka wutsiyar kwikwiyo, jim kaɗan kuma ta yi shiru. Fasinjoji ba su kula ba, ɗan kamasho bai fasa kiran Wukari ko Yola ba, shi kuwa direba in ka tambaye shi sai ya ce maka sanyin safiya ne, da zarar mota ta ɗumama za ta daina. Abin da ke wannan kuka shi ne fanbel, watau ɗamarar robar nan da ta zagaye fuli-fulin da ke gaban injin, kuma ba sanyi ne ya dame shi ba.

Ni kaina na daɗe ina jin wannan ƙara ban ɗauke ta bakin kome ba, sai da wata tafiya ta kama ni daga Jalingo zuwa Gembu cikin motar haya. Tun a tasha motar ke wata 'yar ƙara, cit-cit-cit, kamar kukan tsako, kuma ita ba ta daina ba ko da injin ya yi zafi. Kafin mu kama hanya sosai sai direba ya ce zai biya Yelwa, a nan cikin ƙaramar hukumar Jalingo, akwai wani gareji da ya saba da shi, a ɗan duba masa. Muka tarar maigidan ba ya nan. Wani yaronsa ya buɗe bonet, ya ɗebo ruwa a buta ya watsa wa fanbel ɗin, nan take ƙara ta ɗauke. Ba a yi minti guda ba ta dawo. Sai ya shiga rumfa ya fito da guntun sabulun wanki ya kanga a jikin robar tana juyawa, ƙara ta sāke ɗaukewa, wannan karon ba ta dawo ba. Direba ya ba shi na goro, kowa ya yi murna ba a ɓata mana lokaci ba, har da ni.

Zan koma kan abin da ya same mu a hanya. Amma domin mai karatu ya gane inda kuskuren yake, tilas mu fara duba aikin da wannan 'yar roba ke yi.

Injin mota ƙarfinsa duka daga wuri ɗaya yake fitowa, watau sandar nan mai juyawa da kanikawa ke kira karanshaf. A bakinta na gaba akwai babban fuli, daga nan ne fanbel ke ɗaukar juyi ya kai wa sauran na'urori. Shi ke juya altaneto mai cajin batir da ba fitilu wuta. A motoci da yawa shi ke juya famfon ruwa, wanda ke zagaya da ruwa tsakanin injin da lagireto. Shi ke juya famfon da ke sa sitiyari ya yi taushi, da kuma na'urar sanyaya cikin mota. A motocin dā har fankar lagireto shi ke juyawa, daga nan ma ya samo sunansa. Yanzu yawancin ƙananan motoci fankarsu da lantarki take aiki, amma suna ya riga ya bi shi.

Kada a haɗa shi da taimin bel. Wannan yana ɓoye ne a bayan murfi, yana da haƙora, aikinsa daidaita buɗewar bawul da motsin fistin, kuma wasu injina ma sarƙa ce a madadinsa. Fanbel kuwa a fili yake, kowa ya ɗaga bonet zai iya ganinsa, sai dai ba kowa ke dubawa ba.

Abin ya samo asali da nisa. Motocin farko da shimfiɗaɗɗiyar ɗamara ta fata ko igiya suke juya fanka, ga yawan zamewa. A shekarar 1917 wani mutum mai suna John Gates, a birnin Denver na ƙasar Amurka, ya fito da ɗamarar roba da zare mai siffar harafin V, wadda ke nutsewa cikin kwarmin fuli ta kama gefe da gefe. Irinta ce manyanmu suka sani a jikin Peugeot 404 da 504, waɗanda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, da kuma Volkswagen mai ƙirar kunkuru da aka riƙa haɗawa a Ikko. Ita mai ƙirar kunkurun ma ba ta da lagireto sam, iska ce ke sanyaya injinta, fankar da ke hura iskar kuwa fanbel ke juya ta, don haka tsofaffin direbobinta ba su fita gari ba tare da na ajiya ba. Da na'urori suka yi yawa a jikin injin sai aka riƙa sa fanbel biyu, uku, har huɗu, kowanne da aikinsa. A 1979 kamfanin Ford ya fito da motarsa Mustang da fanbel guda ɗaya tal, mai faɗi, mai layi-layi a cikinsa, wanda ke lanƙwasa kamar maciji ya ratsa dukan fuli-fulin, da wani hannu mai sifirin da ke ɗame shi kullum, wanda kanikawanmu ke kira tenshina ko ajasta. Wannan tsari shi ne ya game duniya, kuma irinsa ne a yawancin motocin da ke shigowa ƙasar nan yau.

Tsarin yana da kyau, ya fi daɗewa, ba ya bukatar a yi ta ɗaure noti. Amma fa an tara ƙwai ne a kwando guda. A dā in ɗaya ya tsinke sauran na nan suna aiki. Yanzu in ya tsinke, caji da sitiyari da ruwa duk sun tsaya lokaci ɗaya.

To, a nan ne nake ganin muka yi sake. Motoci sun sāke, robar ma ta sāke, amma ilmin da ake gadarwa a gareji daga maigida zuwa yaro yawancinsa na zamanin 504 ne. Bakanike zai ce maka a duba fanbel, in babu tsaga lafiyarsa ƙalau. Wannan magana gaskiya ce a dā. Robar da ake yin fanbel da ita a wancan lokaci, mai suna neoprene, in ta tsufa tsattsagewa take yi, har akwai ƙa'idar cewa in an ƙirga tsaga uku cikin tsawon inci uku, lokacin canji ya yi. Daga ƙarshen shekarun 1990 manyan masana'antu suka koma wata roba da ake kira EPDM, wadda ke jure zafi, kuma da wuya ta tsage ko ta tsufa. Ita cinyewa take yi a hankali kamar tayar mota. Layukan nan na cikinta suna sirancewa, kwarmin da ke tsakaninsu yana faɗi yana zurfi, har ta kai ga robar ta zauna a kan tsinin fuli maimakon ta kama gefensa. A ido sumul take kamar sabuwa, alhali kuwa ba ta riƙe kome. Wanda ke jiran ya ga tsaga kafin ya canja irin wannan fanbel, zai iya jira har ranar da zai bar shi a daji.

Masu yin irin wannan fanbel kan ce yana iya kai wajen kilomita 150,000. Ni dai ba zan ba direban Taraba shawarar ya dogara da wannan lissafi ba. Na ɗaya, ba don hanyoyinmu aka yi shi ba. Zafin Maris da Afrilu a Jalingo kan kusanci digiri 40 a inuwa, balle a ƙarƙashin bonet. Ƙurar hunturu da yashin hanya suna shiga tsakanin roba da ƙarfe su yi ta gurza kamar sanfefa, damina kuma ta zo da taɓo da tsakuwa. Na biyu, motar da aka sayo ta hannu daga Turai ko Amurka, wa ya san ranar da aka sa mata fanbel ɗin da ke jikinta? Agogon tafiyar ma sau da yawa an taɓa shi, ko ya mutu tun tuni. Abin da ya fi shi ne duk ranar da za a juye baƙin mai, a sa ido a duba fanbel, a sa yatsa cikin layukan, a dubi gefensa ko zare ya fara fitowa, a dubi bayansa ko ya yi ƙyalli kamar gilashi, domin ƙyalli alama ce ta zamewa da ƙuna.

Sa'an nan a saurari kukansa, don kuwa ba iri ɗaya ba ne. Doguwar tsuwwa mai ƙarfi, wadda ke zuwa da safe, ko lokacin da aka murɗe sitiyari har ƙarshe, ko aka kunna na'urar sanyi, tana nufin fanbel na zamewa: ko ya yi sako-sako, ko ya cinye, ko sifirin ɗin tenshina ya gaji. Dalilin da ya sa ta fi yawa da safe kuwa shi ne tayar da injin ya ci wutar batir, altaneto na ƙoƙarin mayar da ita, ya yi nauyin juyawa. Gajeruwar ƙara mai maimaituwa, irin ta kukan tsako, galibi tana nufin wani fuli ya kauce daga layin 'yan'uwansa, fanbel na hawansa a karkace. Gurnani ko gurza kuwa ba laifin roba ba ne, boris ne ya mutu a cikin wani fuli, ko a altaneto, ko a famfon ruwa.

Abin mamaki, ruwan nan da yaron Yelwa ya watsa ba shirme ba ne. Gwaji ne sananne wanda su kansu masu yin fanbel ke koyarwa. In an watsa ruwa a cikin fanbel ƙarar ta ƙaru, to sako-sako ne, domin ruwa ya daɗa masa santsi. In ta ɗauke na ɗan lokaci ta dawo, fuli ne ya karkace. In ba ta canja ba sam, a nemi boris. Watau motar ta faɗa wa yaron ciwonta a fili, gaban idonmu duka, shi kuwa bai san tambaya ya yi ba, ya ɗauka magani ya bayar. Ban ga laifinsa can-can ba. Abin da ya ga ana yi ke nan. Da maigidansa ya taɓa zaunar da shi ya bayyana masa ma'anar abin da hannunsa ke yi, da ya ce wa direbanmu a kwance fanbel a duba fuli, aikin da bai fi rabin sa'a ba.

Sabulu, kyandir, man birki, gris, baƙin mai, duk na ga ana shafa wa fanbel domin ya yi shiru. Dukansu santsi suke ƙara masa, alhali shi da kamu yake aiki, sa'an nan ƙura ta manne. Baƙin mai ya fi su duka ɓarna, domin yana sa robar EPDM ta kumbura ta yi laushi. Saboda haka motar da ke yoyon mai a gaban injin, ko an sa mata sabon fanbel ba zai yi ƙarko ba sai an toshe yoyon. Akwai kuma masu ganin maganin kowace ƙara shi ne a ƙara ɗaurewa, har su sa ƙarfe su banƙare altaneto iya ƙarfinsu. Ƙarar za ta tafi, amma nauyin ya koma kan boris ɗin altaneto da na famfon ruwa, bayan 'yan watanni a zo ana neman kuɗin da ya ninka na fanbel sau da yawa. A motocin da ake ɗaure fanbel da hannu, ƙa'idar ita ce a danna shi da babban yatsa a tsakiyar wuri mafi tsawo tsakanin fuli biyu, ya lotsa kamar santimita ɗaya. In ya wuce haka da yawa ya yi sako-sako, in ya ƙi motsi ya ɗaure fiye da kima.

Canja shi ba wani aiki mai wuya ba ne, amma yana da ladubba. A kashe injin, a zare makulli, a bari ya huce. Kafin a taɓa kome a zana yadda fanbel ya bi ta kan fuli-fulin, ko a ɗauki hotonsa da waya, domin na sha ganin manyan kanikawa sun yi cirko-cirko suna gardamar ta ina ya bi. A sa sifana a danne tenshina, a zare tsohon. Kafin a sa sabo, a juya kowane fuli da hannu ɗaya bayan ɗaya, a girgiza shi. Wanda ke gurza, ko yake rawa, ko yake juyawa fiu ba nauyin gris a cikinsa, ya gama aiki. Shi kansa tenshina a duba shi, don tare suke tsufa da fanbel, kuma sabon fanbel a kan gajiyayyen tenshina asarar kuɗi ce. Wajen sawa, cikin fanbel mai layi yana hawa fuli mai layi, bayansa mai sulɓi yana bin fuli mai sulɓi, kuma lalle kowane layi ya zauna a kwarminsa. In ya goce da layi ɗaya kawai, zai yage gefe kafin a je ko'ina. A tayar da injin a tsaya a kalle shi yana juyawa. In na ɗaurin hannu ne, a koma a sāke duba ɗaurin bayan 'yan kwanaki, don sabo yana ɗan saki. Wasu motocin Ford da Mazda suna da wani iri mai miƙewa da kansa wanda ba shi da tenshina. Shi wannan da abin sawa na musamman ake hawar da shi, ba da sukudireba ba.

A nan bari in ja kunnen masu babbar riga. Fanbel mai juyawa ba ya barin abin da ya kama. Hannun riga, jelar rawani, carbi, gyale, duk a tattare su kafin a sunkuya kan injin da ke aiki. Fankar lantarki kuma takan tashi da kanta ko an kashe mota, muddin injin na da zafi.

Wajen saye ma akwai abin lura. A bayan kowane fanbel na kirki akwai lamba, misali 6PK1200. Shidan nan yawan layukansa ne, PK irin girman layin, 1200 kuwa tsawonsa ne a milimita. Direban da ya rubuta wannan lamba ya ajiye, ko ya adana ta a waya, zai iya aika yaro ko'ina a sayo masa daidai, ba sai an ɗauki tsinkakken ana gwadawa da ido ba. Kayan gyaran da ke isowa Jalingo sun biyo hannaye da yawa, daga Ladipo ta Ikko, ko Nnewi da Onitsha, ko Ƙofar Ruwa ta Kano, kuma a cikinsu akwai na gaske akwai jabu, kwalinsu iri ɗaya. Wanda farashinsa ya faɗi ƙasa warwas, ko rubutun bayansa ke gogewa da yatsa, a yi hattara da shi. Fanbel na gwanjo, wanda aka ciro daga jikin tsohon injin, shi ne na fi kasa gane hikimar sayensa: a wasu ƙarafa na hannu kan fi sabon jabu, amma roba shekaru ke cin ta ko tana ajiye. Tsohon da aka cire, in bai tsinke ba, a jefa shi but tare da sifanar da ta dace da tenshina. Jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, sukan tambayi tayar ajiya da abin kashe gobara, ba su tambayar wannan, amma a hanyar Bali zuwa Serti zuwa Mayo Selbe, inda za a fara hawan tsaunin Mambila mai tsayin fiye da mita 1,500 da ƙaramar giya, injin na nishi, na fi son in ji direba na da shi.

Saura abu guda, wanda shi ne ya fi kome muhimmanci a ganina: direba ya san abin da fanbel ɗin motarsa ke juyawa, tun yana gida. A Peugeot 406, da Toyota Camry mai injin 2.2, da tsofaffin Honda Accord, taimin bel ne ke juya famfon ruwa. In fanbel ɗin irin waɗannan ya tsinke da rana, ana iya cire ragowarsa tsaf, a kashe fitila da rediyo, a lallaɓa da wutar batir zuwa gari mafi kusa, ana sane da cewa sitiyari zai yi tauri. Cire ragowar wajibi ne, domin zaren kan naɗe a bayan babban fuli ya kutsa wurin taimin bel, ƙaramar matsala ta zama babba. Amma a Corolla mai injin 1.8 da Camry mai injin 2.4, da wasu da yawa irinsu, fanbel ne ke juya famfon ruwa. A waɗannan babu zancen lallaɓawa. Da zarar jar fitilar batir ta kama ana cikin tafiya, sitiyari kuma ya yi nauyi, a nemi gefen hanya a kashe injin. Ruwa ya daina zagayawa, cikin 'yan mintoci kan injin, wanda yawanci na alminiyam ne, zai yi zafin da zai lanƙwashe, gasket ya ƙone. Kada kuma a buɗe murfin lagireto da zafinsa. Ita fitilar batir ɗin, a tabbata tana da rai: in an murɗa makulli kafin injin ya tashi ya kamata ta kama, in ya tashi ta mutu. Motocin haya nawa ne ke yawo da matattun fitilun dashbod, wasu ma da gangan aka cire ƙwan don kada su dami direba?

Tamu motar fitilarta na aiki. Mun wuce Sunkani, mun wuce Garba Chede, rana ta take, sai muka ji wani abu ya yi fat-fat-fat a ƙarƙashin bonet ya yi shiru. Ina gidan gaba, na ga jar fitila ta kama, na ga direba ya ƙara riƙe sitiyari da hannu biyu. Na yi masa magana, ya ce caji ne kawai ya ɗauke, batir ɗinsa sabo ne, zai kai mu Bali a gyara, kuma nan ba wurin tsayawa ba ne da mata da yara cikin mota. Maganarsa ta biyu tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa ban matsa ba. Allurar zafi ta fara hawa yana kallo, ya ƙara wuta wai don mu isa da wuri. Ba mu yi nisa ba tururi ya turnuƙe gilashi, injin ya yi wata irin shaƙa ya mutu.

Da aka ɗaga bonet, fanbel ya zama zare-zare, ɗan fulin da ke kusa da tenshina kuwa ya kwanta gefe guda, boris ɗinsa ya watse. Shi ne mai kukan tsakon nan tun daga tasha. Yaron mota ya tari ɗan acaɓa ya nufi Bali da guntun robar da fulin a leda, bai dawo ba sai bayan la'asar, domin fanbel na farko da aka ba shi bai kai tsawo ba, sai da ya koma. Aka ɗaura, aka cika lagireto da ruwan da muka roƙa a wata ruga, aka murɗa makulli. Injin ya tashi da kyar yana karkarwa, farin hayaƙi na fita ta salansa, ruwan lagireto na tafasa da kumfa tun bai yi zafi ba. Direba ya zaro sandar gwada mai, ya ga man ya koma kalar shayi da madara, ya mayar da ita bai ce kome ba.

Wata babbar mota mai ɗauke da buhunan masara ce ta kwashe mu zuwa Bali gab da magariba, mai jego a gaba, mu a kan kaya. Direban ya mayar wa kowa rabin kuɗinsa ba tare da an tambaye shi ba. Motar ba tasa ba ce, ta wani ɗan kasuwa ce da yake kai wa balas duk mako. Mun bar shi zaune a kan dutse gefen hanya yana neman layin waya, bonet a buɗe, sabon fanbel na ɗaure daram a jikin injin.